Yaya Rabi'a Mai Miyar Ganyen Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, Nazir ya kira ni daga unguwar Levenshulme a Manchester ya ce mahaifiyarsa, Hajiya Rabi'a, ta cika. Ina gida a Lozells, Birmingham, ina shirin fita aiki. Na zauna a kan matakala da takalmi ɗaya a ƙafa. Kuka bai zo ba. Doguwar jinya da zirga-zirga tsakanin Birmingham da Manchester sun riga sun shanye hawayen.

Yaya Rabi'a, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ke kika tsaya mini sa'ad da na haifi Latifa. Jinina ya yi ƙasa, ƙwayoyin da aka ba ni suka ɓata mini ciki, abinci ya fita raina. Kika zo da tuwo da wata miya mai yauƙi kamar karkashi. Sai da na suɗe kwanon kika ce ganyen teku ne.

"Yaya, gansakuka kika ba ni?"

"Ci dai, Shifa. Gobe kuma ki koma wurin GP, likitanki, ya canza miki magani. Miya ba ta zama likita."

Ke ma'aikaciyar jinya ce, hutunki kaɗan ne, amma a gaɓar tekun Wales kike ƙarar da shi. In ruwa ya janye, sai ki bi duwatsu da almakashi, ki yanki saman ganyen, ki bar gindin ya sake toho. Ki wanke yashi har yatsunki su ƙage, ki shanya, ki daka da daddawa. Jan ganyen kuwa kina soya wa yara su ci kamar ƙwalama. Matan da suka yi miki dariya da fari su ne suka dawo da robobi. Duk wadda ke da ciwon maƙoƙo kina hana ta, ko ta yi fushi, domin sinadarin aidin ya yi yawa a ciki.

A watanninki na ƙarshe ke ce kika kasa cin abinci. Na kaɗa miki miyar da hannuna, na zuba gishiri. Kika sha cokali ɗaya, kika daɗe kafin ki haɗiye, kika ce, "Ganyen da gishirinsa yake zuwa, ƙanwata." Ba ki ƙara ba. Na mayar da kwanon kicin, na jima a tsaye.

Kin gaji, Yaya. Mu ma mun gaji, sai dai ke kin huta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Nazir da ƙannensa, da maigidanki Yaya Abdussalam, wanda ba ya jure sanyi, amma ya yi shekaru yana jiranki a mota da shayi a bakin teku. Allah ya ba shi haƙurin wannan jiran. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.