Dodon da Kaka Ta Ƙi Gasawa

Na saurari masu tatsuniya a wurare da yawa. Na ji ta Buzaye a gefen Agadas, suna yi suna juya shayi daga kofi zuwa kofi. Na ji ta Larabawan Sudan, wadda rabinta rantsuwa ce. Na ji ta Yarabawa a Ikko, wadda ba ta tafiya sai da waƙa da tafi. Amma har yau ban ga mai ɓata wa yaro rai kamar kakarmu ba, Allah ya jiƙanta.

Maginiya ce, 'yar Tozai, aure ya kawo ta Illela. Tukwane take ginawa da tuluna da kasake. Lokacin sanyi, bayan sallar isha, mukan taru a ɗakinta, ni da yayata Hajo da sauran jikoki. Wutar kara tana ci a tsakar ɗaki, hayaƙi yana neman hanya ta saman ƙofa, mu kuma muna tura ƙafafu kusa da toka har sai an bugi gwiwar wani. A gefen Kaka kullum akwai curin yumɓun da ya rage daga aikin yini, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta buɗe baki sai ta gutsuro shi ta fara murzawa. Sannan ta ce, “To, ga ta nan ta iso, ku matsa mata.” Mu ce, “Ta zauna mu ji ta.”

Tana magana, yatsunta suna aiki, ba ta ko kallonsu. In ta ambaci kunnen dodo, sai ka ga kunne ya fito. In ta ce yana da haƙora, sai ta sa farce ta tsaga baki. Kafin labari ya kai ƙarshe, dodon yana tsaye a bakin wuta, inuwarsa ta cika bango tana rawa. Ni ba na jin rabin tatsuniyar ma, idona yana kansa. Sai ta ce, “Ta ƙare, ta koma inda ta hito,” ta ɗora tafin hannu a kansa ta danne. Dodo ya koma curi, curi ya koma ƙarƙashin tsumma.

Kullum haka. Kullum kuma sai na yi kuka.

“Kaka, ki gasa mani shi. Gobe ai za ki gasa tukwane.”

“Mi?”

“Dodon.”

“Ji angon banza. Ko goro ba ka taɓa sawo mani ba, amma ka iya ba da umarni. Abu mai ido ba shi kwana ɗakina. Tashi ka tahi ka kwanta.”

Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi cin tuwo. Hajo, wadda ta girme ni kuma ita ce Kaka take koya wa gini, takan ja ni waje tana share mini hanci da bakin zanenta tana cewa in yi haƙuri, wata rana ita za ta gasa mini.

Tatsuniyar da Kaka ta fi maimaitawa ita ce ta maginiya mai gonar gero. Wai wata mata ce birai suka dame ta, sai ta gina dodo da ɗanyen yumɓu ta tsayar a bakin gona. Da dare dodon yakan tashi ya zagaya, birai su watse. Amma ruwan damina yana cinsa kaɗan kaɗan, don haka kullum sai mijinta ya ɗebo mata yumɓu daga fadama ta yi gyara. Shekarar da tsuntsaye suka zo, ta cire masa dogayen hannuwa ta yi masa fukafukai. Shekarar fara, ta faɗaɗa masa baki. Mijin ya gaji da ɗaukar yumɓu. Ranar da ta tafi kasuwa, ya tara kara da kashin shanu ya lulluɓe dodon ya sa wuta. Dodo ya fito ja wur, ƙaƙƙarfa, ruwa ba ya yi masa komai. Wannan shekarar ba a taɓa samun gero irinta ba. Amma da aka yi girbi, gona ta zama fili, dodo ya duba babu abin kora, ga baki a buɗe. Sai ya juya ya nufi rumbu. Matar ta zo da ruwa da tsumma don ta rufe masa baki kamar yadda ta saba, yumɓu ya ƙi jin hannu. Ya cinye rumbunsu, ya cinye na maƙwabta. Sai da ta bari rana ta gasa shi har tsaka, ta kwara masa ruwan randa mai sanyi, ya tsage ya tarwatse. Kaka ta ce shi ya sa duk gonar da ka noma sai ka tono tsingaro.

Ni a lokacin ina bayan mijin. Har na faɗa. Kaka ta ce, “Na sani. Kamarku ɗaya.”

Na girma, na shiga harkar fatauci, hanya ta ɗauke ni. Wata shekara a Yamai, ina jiran kaya, na shiga wani gidan ajiye kayan tarihi don in kashe lokaci. A can na tarar da ƙasusuwan wata dabba an jera su a tsaye, wuyanta ya fi raƙumi biyu tsawo. Aka ce dainoso ce, ko dinozor a bakin mutanen can, kuma a hamadarsu aka tono ta. Wani Buzu da ke kusa da ni ya ce su tun kakanni sun san ƙasusuwan, na wani dodon tatsuniyarsu ne. Na tsaya ina kallo har mai gadi ya fara kallona. Na ce a raina, to ga tsingaron Kaka, an harhaɗa.

A Yamai ɗin ne kuma wani abokin ciniki ya nuna mini yumɓun roba. Yana zuwa a ƙunshe kamar sabulu, launi-launi. Ba ya bushewa ko ka bar shi wata guda a buɗe, sai ka sa shi a tandun lantarki, a zafi mai laushi wanda bai kai na gashin burodi ba, sannan ya taurare. Da na ajiye tafiye-tafiye na dawo gida Illela, shi ya zama abin yina. 'Yata da ke aure a Ikko take aiko mini. Nakan lanƙwasa waya in yi ƙasusuwa, in naɗe da takardar alminiyam, sannan in bi da yumɓu. Ba gini ne na ido kawai ba. Dabbar da ta kai tsawon tirela nakan mayar da ita kamu ɗaya, amma dole kowace gaɓa ta rage daidai da 'yar'uwarta, in ba haka ba sai ka samu jaki mai wuyan agwagwa. Fatar kuwa da bakin allura nake yin ta, ɗigo bayan ɗigo.

Mutanen unguwa ba su rasa abin cewa ba. Wani ya ce Alhaji Bello ya tsufa ya koma wasan 'yartsana. Wani ya zo har zaure ya yi mini nasiha a kan gumaka. Uwargidana ta ce ita dai kada a sa mata su a ɗakin da take salla, na ce na ji, na kafa musu kantar katako a zaure. A Turai na ga tsofaffi suna wannan aikin ana kiransu masu fasaha. A nan sai ka rufe ƙofa kamar mai dafa abin kunya.

Bara na fara wadda na fi so, irin ta Yamai ɗin nan mai dogon wuya. Na kwashe damina guda a kanta. Wuyan kaɗai na rushe shi na sake ban san iyaka ba. Da na gama, sai na'urar rarraba wutar unguwarmu ta lalace. Tandu yana nan, wuta babu. Na ɗora dabbar a kan faranti, na kifa mata kwando, ina jira. Yumɓun da ke gare ni ke nan, ya ƙare kaf a jikinta.

A cikin jiran ne Yaya Hajo ta zo daga Tozai ta kwana biyu. Ita ta gaji Kaka, har yanzu tana gini ko da idonta ya fara rauni. Ta shigo zaure ta ɗaga kwando.

“Bello, mi ne ne wanga?”

“Dainoso ce, Yaya.”

“Raƙumi dai da ba shi da tozo.” Ta latsa cinyar da yatsa, na ji kamar a idona ta latsa. “Ɗanye ne. Ba ka gasa ba?”

“Wuta nike jira.”

Ta dube ni, ta dubi dabbar, ta mayar da kwandon. Ni kuma ban ƙara bayani ba, don na ɗauka na gama magana.

Washegari na tafi ta'aziyya Garu, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin layi na ji wani wari kamar ana ƙona taya. Na shiga gida na tarar da uwargida a bakin ƙofa ta toshe hanci da mayafi. A bayan gida, Yaya Hajo tana tsaye da sanda a hannu gaban tarin toka. Ta yi aikin yadda ake yi wa tulu na ƙwarai. Ta shimfiɗa kara, ta jera busasshen kashin shanu, ta zaunar da dabbar a tsakiya, ta lulluɓe, ta sa wuta ta gefen da iska ke busowa. Har maƙwabta ta aika aka ƙaro mata kara.

Ta tona tokar da sanda. Babu ja, babu ƙarar da gasasshen yumɓu yake yi in an ƙwanƙwasa. Wani baƙin abu ne ya narke ya malale a ƙasa kamar kwalta, a samansa kuma waya tana tsaye, ƙafafu huɗu, dogon wuya, doguwar wutsiya.

Na yi salati. Na sake yin wani. Na ji Faransanci yana taso mini, irin wanda ake yi da direbobi a kan iyaka, na haɗiye shi.

“Yaya, wa ya sa ki?”

“Kai ka ce wuta kaka jira. Ga kara cike da gida, kana zaune kana jira.”

“Wutar lantarki nike nufi. Wannan roba ce, ba yumɓun fadama ba.”

“To mi ya sa kaka ce mashi yumɓu? Ni tun ina yarinya nike gashi, ban taɓa ganin yumɓun da ya ga wuta ya gudu ba. An cuce ka, Bello. Ka yawata duniya ka dawo da yumɓun ƙarya.”

“Damina guda na yi a kanta.”

“Na gani. Shi ya sa na ce kada ta lalace.” Ta jingina sandar da bango, muryarta ta sauka. “Tun kana yaro kake kuka a gasa maka. Na ce maka wata rana zan gasa. Ko ka manta?”

Ban manta ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don ya hana ni yin faɗan da na shirya. Na tsuguna na zaro wayar daga cikin baƙin, tana da ɗumi. Yaya ta leƙo ta kan kafaɗata.

“Ai ka ce can Yamai ma ƙashi kaɗai ka gani. To ga shi, ta yi kama da ta gaske.”

Na wuce zaure da wayar a hannu.

Shekaru da yawa na ɗauka Kaka tsoron malamai kawai take yi, tatsuniyar kuma hujja ce ta ƙirƙiro don ta rufe mini baki. Wataƙila akwai wannan a ciki. Amma tun ranar nake lura da wani abu. Dabbobin da na gasa suna jere a kantar zaure, nakan wuce su in shiga in fita ban ɗaga kai ba. Dodannin Kaka kuwa, waɗanda ba su taɓa kwana ba, ina iya zana maka kowanne, har wanda kunnensa ɗaya ya lanƙwashe saboda ta yi atishawa. Kuma da ta gasa mini ɗaya, da na tafi da shi bayan ɗaki ina wasa, ban dawo bakin wutarta washegari ba. Ita ta san haka. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa da ta gasa guda ɗaya tak, babu abin da zai ragu a jikinta.

Da Yaya za ta koma Tozai, ta bar mini curin yumɓun fadama a cikin tsumma, ta ce in gwada na gaske. Da yamma jikata Nana ta zo zaure. Na zaunar da ita, na ba ta tatsuniyar mai gonar gero, ina yi ina gina dodo mai dogon wuya. Da na gama na ce mata wannan nata ne, ni ba zan danne shi ba, zan aika Tozai a gasa mata. Na rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya tsage, na kwanta ina jin na rama abin da aka yi mini.

Washegari bayan magariba Nana ta dawo. Ta yaye tsumman, ta dube shi sau ɗaya, ta ɗora tafin hannu ta danne. Ta turo mini curin.

“Wannan na jiya ne, Alhaji. Yau mai fukafukai nike so.”

Na dubi wayar dainoson da ke tsaye a kan kantar, abin da ya tsira daga hannun matan gidanmu. Na ja tsaki, na gutsuro yumɓu, na ce ta matsa mata ga ta nan ta iso.