Wasannin Mahaifina Da Ban Rubuta Ba

Shekarun baya, ina ɗaliba a jami'a can Lamorde, na zaɓi in yi binciken kammala karatuna a kan wani tsohon littafi na Ingila. Wani shahararren marubucin wasan kwaikwayo ne ya mutu, bayan shekara bakwai abokan wasansa biyu suka tattaro wasanninsa aka buga a littafi ɗaya. Ba don su ba, da kusan rabi sun ɓace. Labarin ya shiga raina sosai. Har hoton shafin farko na manna a bangon ɗakina, kai ka ce kakana ne.

Shi kuwa mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a unguwar Bukoki, amma an fi saninsa da teyatur, wato wasan kwaikwayo. Shi yake ƙirƙiro wasa, ya raba wa abokansa maganganu a shago yana taka keke, su haddace su je su yi. Ko ɗaya bai taɓa rubutawa ba.

Bayan rasuwarsa, amininsa guda da ya rage, wani tsohon direba, ya tako har gidanmu ya tarar da ni cikin takardu.

"Ɗiyata, mi kike karatu haka?"

Na gyara zama na zuba masa labarin abokan nan biyu, har da ɗan Turanci don ya san na yi boko. Ya saurara har ƙarshe.

"To ai mu ma ga mu," in ji shi. "Wasannin babanki goma sha ɗaya suna nan cikin kaina, amma ban iya rubutu ba. Ki taho da kayen rubutu da bik ran Lahadi, ina faɗi kina rubutawa."

"In sha Allahu, Baba. Bari in gama sutnans tukuna."

Gaskiya ba lokaci na rasa ba, gadar kogi ce kawai tsakanin jami'a da gidansa. Raini ne. A ganina wasan tela da direba bai kai a sa shi a takarda ba. Sau biyu yana kirana a waya, ina cewa sati mai zuwa.

Ranar sutnans ta zo, na kare aikina gaban malamai, aka yi ta tafi. Sai bayan wata biyu na sayi kaye na tafi gidansa. Na same shi kwance, shanyewar jiki ta kama shi, baki ya karkace. Ya gane ni, ya kalli kayen, ya yi ta motsa leɓe. Na kai kunne kusa, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Bai sake magana ba har ya rasu.

Yau ni malama ce, ina iya karanto maganganun Baturen nan da ka, shafi bayan shafi. Amma abin nan har yanzu yana cin raina, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina. Kwanakin baya 'yata ta ce in ba ta labarin wasa ɗaya na kakanta. Na yi ta lalube a kaina. Abin da na tuna kawai, mutane suna dariya har da hawaye. Abin da suke yi wa dariyar, ban sani ba.