Ƙusar da Yaya Mudi Ya Kafa a Ɗakin Girkina

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Dakta Mahmud, wanda mu a gida ba mu san shi da wani suna ba sai Yaya Mudi. Har yau in na tuna shi, ƙarar guduma ce take riga fuskarsa zuwa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Wata Asabar ce da hantsi, ina tsakar gidana a Kazaure ina tankaɗe, na ji ana buga wani abu a ɗakin girki. Na leƙa, sai ga malamin jami'a guda a tsaye kan turmin da ya kife, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, hularsa ta kwashi kunkunniya, yana kafa ƙusa a azara daidai saman murhu.

"Yaya, ko sallama babu?"

"Na yi, Auta, rariya ce ta toshe miki kunne. Miƙo min waccan jakar."

Zangarniyoyin gero ne a ciki, gajeru, waɗanda in ka gan su a kasuwa ba za ka sake kallonsu ba.

Yaya a sashen noma yake koyarwa, bincikensa kuma a kan tsofaffin irin gero ne da manoma suka fara yasarwa. Duk hutu yana kan babur, yau Babura, gobe Gwiwa, jibi Yankwashi, ya tsuguna gaban dattawa yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Wannan irin a hannun wani tsoho ya samo shi kusa da Kanya Babba, shi ya sa yake ce masa ɗan Kanya. Ba ya cika rumbu, amma yana riga kowane gero nuna. A lokacin ana dogon yajin aiki, an rufe makaranta, ya ce in ya bar shi a ofis ƙwari za su cinye. Hayaƙin girki kuwa yana korarsu, haka ya ga Innarmu tana yi da irin shuka muna yara.

Ya ja min kunne. Ya ce wannan ba na fura ba ne. Kuma ba zai daɗe da rai a rataye ba, sai ya shiga ƙasa duk damina, can nesa da sauran gero don kada iska ta gauraya su, da kaka a zaɓi zangarniyoyi masu kyau a sake ratayewa. Na ɗauka ajiyar 'yan watanni ce. Da aka koma aiki ya ɗebi rabi, ya bar min rabi, ya ce hankalinsa ya fi kwanciya a haka. Damina biyu bayan nan ya kwanta ciwo, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Nakan tuna gidansa na kwatas ɗin malamai. Ban taɓa zuwa na tarar da tabarmar gindin darbejiya babu ɗalibai ba. Sun zo wai a duba musu aikin bincike, amma lokacin sauke tukunya suke zuwa, matarsa ma ta saba, da nasu take auna shinkafa. Shi kuma yana tsakiyarsu da jan biro, yana faɗa yana dariya. Abin da ke cin ransa shi ne ƙarin girma sai ka buga rubutu da Turanci a mujallun da manomin Roni ba zai taɓa gani ba. Yana rubutawa, amma da ƙorafi. Nakan tsokane shi in ce, yaushe za mu ci shinkafar farfesa? Sai ya ce in bari gero ya nuna tukuna. Bai kai farfesa ba.

Bayan rasuwarsa maigidana, Malam Isa, ya ware wani gefe a gonarsa ta hanyar Roni, can tsakanin duwatsu inda babu mai shuka gero kusa. Yakan yi mita cewa an ba shi aikin jami'a babu albashi, amma bai taɓa bari damina ta wuce ba. Shi ma ya sa wa wurin suna, gonar Dakta. Ni kuma nawa aikin hayaƙi ne. Yarana suka saya min gas, na gode musu, na ci gaba da hura itace. Maƙwabta sun ɗauka tsoron gas nake yi, na ƙyale su a haka.

Sai bara tari ya kama ni, ya ƙi saki. Likita ya saurari ƙirjina ya ce, Hajiya, ke da hayaƙi kun rabu. Na dawo gida na tsaya ƙarƙashin ƙusar nan ina kallon zangarniyoyin. In na daina hura wuta, ƙwari za su shiga kafin damina, amanar da na riƙe shekara da shekaru ta zama gari. In na ci gaba, na saɓa wa likita, na cuci jikin da shi ma amana ne. Ban faɗa wa kowa ba, sai dai addu'a a bayan kowace salla.

Da ƙaramar Salla Dakta Rakiya ta zo gaishe ni. Tana cikin yaran tabarmar nan, 'yar makiyaya ce daga Gwiwa, yanzu ita ma tana koyarwa a sashen, kuma ba ta taɓa yanke zumunci ba. Kullum a falo muke gaisawa. Ranar ta ji tarina, ta ce in zauna ita za ta ɗumama miyar. Shiru, shiru, ba ta fito ba. Na bi ta, na same ta ta ɗaga kai sama, ludayi a hannu.

"Gwaggo, wannan ɗan Kanya ne?"

Na ce shi ne. Ta zauna kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ashe rabin da Yaya ya mayar makaranta ya gauraya da sauran iri bayan babu shi, tsohon da ya ba shi ma ya rasu. Su 'yan sashen sun je har ƙauyen, babu wanda ya ajiye. Ga shi yanzu ruwa yana ɗaukewa da wuri, irin da ke saurin nuna suke nema ido rufe. Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta tafi da su, ta zuba a jiƙaƙƙen ƙyalle. Bayan kwanaki ta kira ni a waya, ta ce sun tsira.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai yi faɗa in ya ga ɗalibai suna ɗaukar hoton ganye da waya maimakon su tsuguna su murza ƙasa. Zai girgiza kai in ya ji har yanzu ana yajin aiki. Amma da zai ga ɗakin sanyin da Rakiya ta kai ni na gani, mai aiki da hasken rana, inda iri ke daɗewa babu ƙwaro, na tabbata sai ya cire hula ya yi hamdala. Da kuma zai ga Rakiya, yarinyar da ke jin kunyar ɗaga hannu a ajinsa tana gaba, maza da mata suna biye da ita a gonar gwaji, ba na jin zai sake tuna maganar farfesa.

Gab da daminar bana na sauke zangarniyoyin gaba ɗaya na ba ta. Na yi murna, Allah Ya sani, sai dai ɗakin girkin ya yi min faɗi. Yaya bai bar gida a birni ba. Rubuce-rubucensa suna nan, ni ko rabinsu ba na ganewa. Abin da na gane shi ne ya bar iri mai rai, ya bar yaran da suka san darajarsa. Ina fatan Allah Ya sa wannan cikin ladan da ba ya yankewa.

Makon jiya aka zo yi wa ɗakin girkin fenti, na ce a zare ƙusar tunda aikinta ya ƙare. Ummi ce ta tare ƙofa, autar Yaya, wadda tana rarrafe ya rasu, tun daga nan kuma take hannuna. Ashe ta roƙi Rakiya cikin tafi ɗaya na irin, ita da Malam Isa suka je gonar Dakta suka shuka ban sani ba.

"Gwaggo, kar a cire. Nawa yana gonar Baba, har ya fara fitar da kai. In ya nuna a nan zan rataye shi. Ni zan dinga hura wutar, ke ki zauna a waje, in hayaƙin ya isa sai ki gaya min."