Rubutun da Ba Ya Wankuwa

A shekarar da korona ta hana mutanenmu zuwa aikin Hajji, a ita ce na ba ƙanena shawarar da ta kusa kai shi kabari. Na daɗe ina son in rubuta wannan, sai in ɗauki alƙalami in ajiye.

Ƙanen nawa uba ɗaya muke, na girme shi da nisa. Yana zaune a Shagari, sana'arsa sarin albasa daga fadamun Danchadi yana kaiwa Kudu. Shekaru kafin nan likita ya gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Daga matarsa sai ni muka sani. An ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum, ni kuma daga Bodinga nake yi masa rubutu duk mako, in wanke allon in zuba a gora in aika masa. Aikina ke nan tun ƙuruciya, rubutun sha da kwafar littattafan ajami.

Ana gab da azumi ya zo mini da wata takarda ta asibiti, fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya ce an auna jininsa an ce ba a ga ƙwayar ba. Ban iya karatun boko sosai ba, amma na juya takardar na sake juyawa, wani abu ya cika mini ƙirji. A lokacin na ɗauka godiya ce ga Allah. Yanzu na san da alfahari a ciki, domin gorunan da na aika nake tunawa.

"Sun ce dai in ci gaba da sha, Yaya," in ji shi.

"Mi za ka sha wa? Abin da anka wanke ya wanku. Allah Ya ba ka lafiya, kai kuma ka tsaya kana roƙon ƙwaya?"

Bai yi mini gardama ba. Dama ya ƙi jinin bencin asibitin nan, inda kowane wata yake zama yana jan hula kan goshi kada wani ɗan Shagari ya gane shi. Ya bar maganin a ranar.

Kafin gero ya yi kai, sai labari ya fara zuwa. Matarsa ta yi mini waya ta ce tari ya ƙi barinsa. Bayan mako biyu ta ce bakinsa ya yi miki, tuwo ba ya wucewa sai kunu. Na ƙara yawan rubutu, na sauya ayoyi, na yi sadaka. Zama ya gagare ni. In zauna a zaure in tashi in leƙa titi, in dawo in buɗe littafi in rufe. Har a salla sai in tsinci kaina ban san raka'a ta nawa nake ba. Sau biyu na kai tasha zan shiga motar Shagari na juyo, don ban san abin da zan ce masa ba.

A lokacin jikata tana gida, ɗiyar babban ɗana, saboda an rufe jami'a. Ilmin ƙananan halittu take karantawa a Sakkwato. Wata hantsi ta kawo mini fura zaure ta same ni na baje takardu ban rubuta ko harafi ba.

"Tsoho, yau kuma tawadar ce ta yi yaji? Ko ni ce zan sake ka in nemi mai jini a jika?"

"Wa zai kwashe ki, ke da ba ki iya dama fura ba? Zauna, tambaya gare ni. Wani mutum ne, ba ki san shi ba."

Na gaya mata komai ban da wane ne, ban da kuma wanda ya ba shi shawarar. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ajiye ƙwaryar, ta jawo kwarkwaron zaren da nake ɗinke bangon littafi da shi.

Ta ce jikin ɗan Adam ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowane akwai littafin da aka rubuta yadda za a gina mutum da yadda zai yi aiki. Littafin dogon zare ne, an naɗe shi a kan kwarkwaro bayan kwarkwaro don ya samu wurin zama. Wani wurin an naɗe shi tam, ba a karanta shi. Wani wurin an sassauta, kullum ana karantawa. Ita ƙwayar cutar, in ta shiga ɗakin garkuwar jiki, tana zuwa da nata ɗan layin rubutu, da wani makami mai yanke zaren ya cusa layin ya ɗinke.

"To amma baƙuwa ce, tsoho. Ba ta san inda za ta tsaya ba. Sai wani na gida ya kama mata hannu."

"Na gida kamar yaya?"

"Wani sinadari ne namu, na jikinmu, furotin aka ce mishi. Aikinshi na asali shi zauna bisa kwarkwaron da ke wurin da aka karatu. Da hannu guda shina riƙe da kwarkwaron, da gudan kuma sai shi kama makamin cutar. Shi ke kai ta daidai shafin da ɗakin ya fi buɗewa."

Ta faɗi sunansa, haruffan boko ne guda biyar, ban riƙe ba. Na ce to wannan ai munafuki ne. Ta ce a'a, bai san abin da yake yi ba, cutar ce ta dace da hannunsa. In an cire shi a ɗakin gwaji, shigar cutar takan ragu ƙwarai, abin da ya samu shiga kuma sai ya faɗa wasu wuraren daban. Ta ce masana na neman maganin da zai shiga tsakanin hannun da makamin, amma wannan bai zo hannun mutane ba tukuna.

"Maganin da ke akwai fa?"

"Shina hana ta yaɗuwa zuwa sabbin ɗakuna, har a auna jini a rasa ta. Mutum shi yi rayuwarshi lafiya lau. Amma layin da ya riga ya shiga littafi yana nan. Wasu ɗakunan barci suka yi da shi shekara da shekaru. Ranar da anka bar magani, su farka su ci gaba da kwafa."

Abin da ta faɗa na san shi a aikina. A gafakar kakanmu akwai wani littafin fiƙihu na ajami. Wani ɗalibi a da can ya yi ɗan sharhi a gefen shafi, wanda ya kwafa bayansa ya ɗauka mantuwa ce aka cike, sai ya shigar da shi cikin matani. Ni da hannuna na kwafi littafin sau uku da layin a ciki, na ba mutane, kafin wani malami ya nuna mini. Mai kwafa ba ya tambayar layi daga ina ya zo, abin da ya tarar shi yake saukewa. Ni kuwa na ɗauki jikin ɗan'uwana allo, alhali takarda ce.

Jikata ta dube ni ta ce, "Tsoho, mutumen nan da ban sani ba, a kai shi asibiti cikin satin ga. Kuma in yana da mata, a auna ta."

Ko furar ban sha ba na nufi tasha.

Na same shi kwance a rumfar tsakar gida, wuyansa ya zama kamar na yaro. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, na hana shi. Ya ce, "Yaya, ka zo da wani rubutun? Wancan kamar bai kama ba. Ko sammu ne anka yi mani?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin tabarma na ce masa ba sammu ba ne, ni ne. Na ce abin da na gaya masa kafin azumi ba ni da ilminsa, na faɗa ne don ina son a ce rubutuna ya yi aiki. Addu'a tana nan, ba za mu bari ba, amma Wanda muke roƙo Shi ne Ya saukar da maganin, ni na sa ya ajiye. Na gaya masa yadda na tambayi jikata ba tare da na faɗi sunansa ba, na yi masa bayanin zaren da kwarkwaron gwargwadon yadda na fahimta.



"Wata huɗu," ya ce. "Wata huɗu ina kwana ɗaki guda da uwar ɗiyana, bisa maganarka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai malam ne, ka faɗi magana ka koma zaurenka. Ni aka bari da benci." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Ba ni komawa wurin nan ni kaɗai su tambaye ni wa ya ce in bari. In kana son in tafi, kai za ka gaya musu da bakinka. Ita ma kai za ka gaya mata. Kuma ba tsayuwa bakin ƙofa ba, bisa bencin za ka zauna."

Matar tana bakin murhu, ta ji komai. Na je na tsaya nesa kaɗan na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah Shi kyauta, Malam," ta ci gaba da tura kara a wuta.

Washegari da safe muka tafi mu uku. Bencin dogo ne, a wata baranda ta gefe, kuma duk garin an san na masu karɓar wane magani ne. Na zauna a tsakiya da rawanina. Ba a jima ba wani mutumin Kajiji da ke kawo mini aikin kwafa ya zo wucewa. Ya gan ni, ya dubi ƙofar ɗakin maganin, ya sake dubana, sannan ya gaishe ni a daburce. Na ji bakina yana son ya ce rakiya na yi. Ƙanena yana kallona ta gefen ido. Na amsa gaisuwar kawai, na tambayi mutumin ya damina, ya wuce yana waiwaye.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ba ta kai 'yata a shekaru ba. Da ta tambayi dalilin barin magani, na ce ni na sa shi. Ta ajiye biro ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina gaban malaminmu, na sunkuyar da kai na saurara har ta gama. Aka ɗebi jininsu su biyu. Na matar ya fito lafiya, aka ce ta dawo a sake aunawa bayan wani lokaci, da aka sake ma haka. Shi aka mayar da shi kan magani, aka haɗa masa da na tarin.

Wata uku ina zuwa Shagari ranar karɓar magani ina zama a bencin. A na huɗu na iso na tarar ya riga ya shirya, ya ciko har rigarsa ta fara zama masa daidai, yana ɗaure buhun albasa a bayan babur. Na ce mu tafi kada layi ya yi tsawo.

Ya ce, "Koma gida, Yaya. Ni ka zuwa da kaina."

"Ai na yi alkawari."

"Ka cika. Ba ni binka komi." Ya ja igiyar ya ƙulle, sannan ya nuna buhun da haɓa. "Wanga na jikarka ne. Ka ce mata mutumen da ba ta sani ba ya gode."