Lasifikokin da Inuwa Ya Zaɓar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, wadda ta zo daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Inuwa Tijjani a gidansa da ke Unguwar Dosa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Kafin a ɗauki makara, ƙanensa ya miƙe ya roƙi duk wanda marigayin ya taɓa saɓa wa da ya yafe masa. Ina cikin waɗanda suka fara amsawa. A lokacin ban san akwai abin yafewa tsakanina da kai ba, Inuwa. Yanzu na sani, shi ne dalilin wannan rubutu.

Shekara talatin muka yi a gidan rediyo guda, ni a gaban makirfo, kai a bayan gilashi kana kula da sauti. Kunnenka ba ya jin nauyin kowa. Ka taɓa tsayar da naɗar hira da wani babban baƙo saboda ƙarar carbinsa na shiga makirfo, ka fito cikin ladabi ka karɓe shi ka ajiye. Bayan ka yi ritaya, masallatai nawa ne daga Abakpa zuwa Rigachikun ka hau tsani ka gyara musu lasifika, ba ka karɓi ko ruwan sha ba? Cewa kake yi ba ka iya barin muryar ladan tana tsagewa alhali kana da hannu.

Mahaifina ya bar waƙoƙin wa'azi talatin da biyu. Baitocin suna nan a rubuce da ajami, amma karin da ake rera su da shi babu wanda ya rage da shi sai ni. Shekara biyu da suka wuce na ƙudurta naɗe su a gida, a ɗakin da ke kusa da zaurena. Zaharaddeen ɗanka ya haɗa mini kwamfuta da makirfo. Saura lasifikokin da ake sauraron aiki da su, waɗanda ku ma'aikatan sauti kuke kira monita. Abin hannuna na ɗan fansho ne, sai na nemi shawararka.

Har yau ina iya maimaita darasin da ka ba ni a kan tabarma. Ka ce ƙaramin ɗaki ƙaramar lasifika yake so, mai inci biyar ta isa. Ka ce kada a jingina ta da bango, a ɗaga ta daidai kunne, nisan da ke tsakanin lasifika biyun ya zama daidai da nisansu da mai sauraro. Ka ce kada in saurari kiɗan da mai shago zai kunna, in tafi da muryar da na sani, a gwada ta a ƙasa-ƙasa. Sannan ka faɗi maganar da na riƙe: "Malam Ado, lasifikar biki maroƙiya ce, kowa ta gani sai ta wasa shi. Monita kuwa alƙali ce. Mai arha ma tana nan, muddin ba ta iya ƙarya ba."

Muka naɗi waƙa ɗaya don gwaji, muka tafi da ita wani shagon kayan sauti a cikin gari. Kai ka fara saurara ta na'urar kunne. Da aka kira Azahar ka ce in je in yi sallah, kai za ka bi jam'i na biyu. Ko da na dawo ka riga ka zaɓa: manya guda biyu masu jikin katako. Aka kunna, na ji muryata da kauri da zaƙi kamar ta zamanin da nake karanta labarai. Na tambaye ka wasu ƙananan baƙaƙe da na gani a gefe, ka ce ba su dace da ɗakina ba.

Waƙa ashirin da bakwai na naɗa a kan zaɓin nan naka. Kowace Asabar kakan zo ka kwashi aikin, ka ce za ka duba a gida. Na aika wa 'yan'uwa a Zariya. Na zauna a majalisarmu ta bayan La'asar ina cewa tsufa ya ci gwiwa amma bai taɓa maƙogwaro ba. Suka ce madalla, kai ma kana zaune ka ce madalla.

Bayan addu'ar bakwai, Zaharaddeen ya sallama da kwali a hannu. Ya ce wasiyyarka ce. Ƙananan baƙaƙen nan ne. Ashe washegarin zuwanmu shagon ka koma ka saye su. Ya jona su, muka kunna waƙa ta farko. Inuwa, tsoho na ji. Muryar tana rawa a ƙarshen kowane baiti, numfashi yana yankewa a tsakiyar kalma, wani wurin karin ma ya sauka daga inda mahaifina ya ɗora shi. Zaharaddeen ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, waɗancan na falo ne, na jin kiɗa. Suna rufe aibi. Abba ya hana ni faɗa."

Na je gidanka. Matarka Hajiya Larai tana takaba, daga bayan labule ta amsa mini. Ta ce ranar da muka dawo daga shagon ba ka ci abinci ba. Ka gaya mata cewa ka san halina: idan na ji muryata yadda take, zan rufe ɗakin, waƙoƙin su bi ni kabari. Ta ce kowace Lahadi kakan wuni gaban baƙaƙen nan kana rage abin da zai ragu na rawar muryar.

Na ji hujjarka, kuma ba zan ɓoye ba, ban gamsu ba. Wa ya ba ka ikon yanke mini hukunci ba ka kira ni ba? Da ka faɗa mini a lokacin, da na rera baiti-baiti ina hutawa, ko in zaunar da wani mai ƙarfin murya in koya masa karin. Shekara biyun nan sun tafi da sauran abin da ke maƙogwarona. Kowa yana iya yi mini kara, na yarda. Amma kai ne mutum ɗaya da na ajiye domin ya ƙi yi mini ita. Ka bar ni ina alfahari a gaban mutanen da suka ji gaskiya a wayoyinsu, suna tausaya mini.

Sai dai kuma da na ƙirga, ashirin da bakwai suna nan. Da rawar muryarsu, da tsufansu, jikoki za su ji su. Ba zan iya rantsuwa cewa da na san gaskiya da sun kai haka ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Saura biyar. Jiya na mayar da masu katakon cikin kwalinsu, na ɗora baƙaƙen daidai kunne, nesa da bango, yadda ka koya mini. Na rera ta ashirin da takwas sau tara kafin ta tsaya. Ba ta da daɗi, amma tawa ce.

Yafewar da na yi a gaban makararka ta wanda bai sani ba ce. Yau ina sake ta da sani: na yafe maka, Inuwa, duniya da lahira, ko da yake ban ce ka yi daidai ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya suturta aibinka fiye da yadda ka suturta nawa, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Larai, da 'ya'yanka Zaharaddeen da Ummulkhairi, da sauran dangi. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Ado Usman,
Abakpa, Kaduna.