Ƙofarmu Tana Jidda

Ranar da aka rushe unguwarmu, Inna tana suyar masa, ni ina wanke-wanke. An daɗe da shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau, amma kowa cewa yake sai bayan Hajji. Ko tsinke ba mu ɗaure ba.

Hantsi bai yi ba aka ɗauke wuta. Sai ƙasa ta motsa. Kofuna suka zubo daga kanta. Inna ta kama salati, ta ɗauka girgizar ƙasa ce. Na leƙa. Katafila ce take hawo dutsen da unguwarmu take kai, bayanta motocin masu kaki.

"Yalla! Barra! Ku fita!"

Gidan maƙwabtanmu ya zauna cikin ƙura. Na ji ƙarar rodi, na ji yara. Inna ta suri takardunmu, ta bar kasko a kan wuta. Yayana Sani ya goya Kaka.

A bakin ƙofa Kaka ta kama tsumman da take jan ƙofar da shi, wani yankin tsohon zaninta da ta ƙulla a mariƙi. Ta ƙi saki. A gindin ƙofar nan ta binne mabiyiyar Inna, da ta Sani, da tawa, da ta ƙanena, yadda aka yi mata a Sakkwato. Cewa take a tono su, ba a barin mutum a baya.

"Barra!"

Ni na ɓamɓare yatsunta. Ɗaya bayan ɗaya.

Muka gangara da takalmi wari-wari. Kiran azahar daga Masallacin Harami ya same mu a bakin titi. Da la'asar muna unguwar Kudai, ɗakin haya a hawa na huɗu. Kaka ba ta ƙara taka ƙasa ba. Ba ta ƙara kiran sunana ba. Ba ta ga Hajjin ba.

Bayan shekara biyu ƙawata ta nuna min hoto a waya. Wai wani mai fasaha ya tsinto ƙofofin unguwarmu, ya lulluɓe su da farin siminti, ya jera su a wani zaure a Jidda. Don tunawa. Na hau mota na je.

Sanyin na'ura, turare, mutane suna ɗaukar hoto. A jikin bango an rubuta da Larabci cewa unguwa ce da ta ɓace. Ta ɓace! Kamar akuya. Ba katafila, ba sunan kowa.

Ƙofofin duk fari fat, kamar likkafani. Na bi layin sau biyu kafin na gane tamu. Simintin ya rufe komai, amma ƙullin tsumman yana nan, ya daskare.

Na miƙa hannu.

"Mamnu'!" in ji mai gadi. Ba a taɓawa.

Na janye. Wata mata ta ce in ɗan matsa, na tare mata hoto.

Ƙofar tana Jidda. Kaka tana maƙabarta. Mabiyiya huɗu suna ƙarƙashin filin ajiye motoci.