Tulun Dattijo

Shekarun baya, ina hutun ƙarshe kafin in kammala karatu a Sakkwato, na yi sanadin mutuwar wani kifi, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Mahaifina ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙwanni, wani sa'in har Kwatano. Tun ina firamare ya dawo daga wata tafiya da akwatin gilashi mai na'urar tace ruwa da hura iska, da 'yan kifaye huɗu, ruwan lemo da ratsin baƙi, masu gashin baki kamar tarwaɗa, irin waɗanda ke kiwo a ƙasan ruwa. Maƙwabta suka yi ta masa tsiya, wai a wannan zafin namu har kifi ya samu fankar da mutum bai samu ba. Suna ƙanana, yini suke suna guje-guje. Da shekaru suka ja, uku suka mutu, ɗaya ya rage, ya girma har ya wuce tafin hannuna. Muka sa masa suna Dattijo. Yadda yake ƙara girma haka yake ƙara ɓuya. Akwai wani fasasshen tulu da mahaifina ya kwantar masa a ƙasan akwatin, nan yake shigewa, sai dai ka hangi bakin wutsiyarsa.

Sai mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Bakinsa ya karkace, magana ta yi masa nauyi. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin kasuwa ya koma ɗaki ya ƙi ganin kowa. Masu dubiya su cika zaure, ya ce a ce barci yake. Abin ya dami mahaifiyata, domin a wurinmu ba a mayar da mai dubiya. Shi kuwa abu ɗaya ya rage masa: ya zauna gaban gilashin nan yana jiran Dattijo ya leƙo. Wata rana tun hantsi har azahar sau ɗaya zai gan shi, kuma a ranar ne kawai yake cin abinci da daɗi.

Ni da 'yan littattafaina, sai na ga ai na gano maganin. Ranar da yayana ya kai shi asibiti gashin ƙashi, na naɗe hannun riga na ciro tulun.

Mahaifiyata ta ce, "Ke, mi kike yi? Bari shi dawo ki tambaye shi."

Na ce, "Inna, so nike shi riƙa ganinai kullum, ba sai ya yi jira ba."

Na jefa tulun a bola, na ji tarwatsewarsa.

Da aka dawo da mahaifina, Dattijo na ta kai da komo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana tura baki jikin gilashi. Mahaifina ya daɗe yana kallo. Sannan ya tattaro kalmomi da ƙyar ya ce, "Ina ɗakinai?"

Na soma bayani mai tsawo. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ni. "Mayar mishi."

Babu abin mayarwa. Na ce zan samo wani, amma a raina ina cewa bari dai kifin ya saba, kwana biyu ne. A kwana biyun nan launin Dattijo ya koɗe, ya daina cin abinci, wasu fararen ɗigo kamar gishiri suka fito masa. Rana ta uku da safe na tafi wurin masu tukwane na zaɓo ɗan tulu mai kyau. Na dawo na tarar ya cusa kansa tsakanin gilashi da na'urar tace ruwa, wurin da bai isa ko rabin jikinsa ba. A nan ya mutu.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Ɗiyata, don yana da wurin komawa ne yake fitowa." Ya sa aka rufe akwatin da zane.

Daga ranar na zama mai tsaron ƙofarsa. Ni nake fita zaure in ce wa manyan mutane barci yake, in shanye kallon da suke mini. Na yi ta sa rai wata rana zai ce a fito da shi da kansa. Bai ce ba. Cin abincinsa ya yi ta raguwa, kuma bai kai ƙarshen daminar ba. Allah ya jiƙansa. Na san kwana ne ya ƙare, likita ma ya faɗi ciwon da ya yi sanadi, amma na san abin da na raba shi da shi.

Har yau idan na ga wani ya ja jiki ya lafe, ba na gaggawar janyo shi haske. Akwatin na nan a ɗakin ajiya, babu ruwa. Sabon tulun na ciki, ba a taɓa shigarsa ba.